Sawun da Aka Share a Tafkin Gishiri

Da safiyar Talata aka wayi gari babu Clancy a kan tafkin gishiri.

Ba shi kansa ba, inuwarsa. Shi Clancy ya kwana biyu da barin Yinjirri, an ce yana aikin shinge a wata gonar shanu can arewa. Abin da ya ɓata siffarsa ce ta ƙarfe, ɗaya daga cikin waɗanda suke tsaye a kan tafkin tun bara.

Wata Baturiya mai suna Gwen ce ta yi aikin. Ta tsayar da mutanen gari ɗaya bayan ɗaya da hantsi, ta zana inuwar kowa a ƙasa, aka yanka a farantin ƙarfe. Ranar kafawa gishirin da sauran danshi. Kowa ya ɗauki tasa ya taka zuwa inda ransa ya so, ya ɗaure ta a turke. Gishiri ya bushe da sawun a jikinsa. Tun daga nan kowace inuwa take tsaye da layin sawun mai ita tun daga gaɓa, baƙi kuma suna bin hanya guda da aka ja musu da igiya, ba su taka ko'ina.

Doreen Nakamarra ta tsaya a bakin gaɓa, hannunta a ƙugu. Ita ce shugabar masu gadin daji. Bin sawun kyanwowin jeji da raƙuman da suka zama annoba shi ne abincinta, in kuma mutum ya ɓata ita ake nema. Clancy ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Turaku biyu ne babu komai a kansu. Ɗaya na wata tsohuwa ce da ta rasu da sanyi, wadda yanzu ake kira Kumanjayi, kamar yadda ake kiran duk wanda ya rasu don kada a ambaci sunansa. Wannan da sanin kowa aka sauke ta. Na biyun na Clancy ne.

Saja Vella, ɗan sandan gari, ya tura hularsa baya. "Anti Doreen, me ƙasa ta ce?"

"Ta ce ka ɗauke takalminka daga kanta."

Ya ja baya. Ta bi gefen layin a hankali. Tun daga gaɓa har turken an farfasa ɓawon gishirin, an share da reshe mai ganye. Mai sharar da baya da baya ya yi tafiya, yana goge inda ya taka. Ba a yanke ƙarfen ba, kwance shi aka yi, aka jera notocin a gindin turke.

"Ya san aikinsa," in ji Saja. "Bai bar mana ko ɗan yatsa ba."

Mutane sun cika gaɓa, kowa da nasa ɓarawon. Wasu suka ce Harrigan ne mai gonar shanun da ke makwabtaka, wanda ba ya ƙaunar ganin motar baƙi. Amma mafi yawa sun fi karkata wani wajen, kuma Gwen ce ta faɗa a fili, fuskarta ja wur saboda rana da ɓacin rai.

"Kowa ya ji shi ranar buɗewa. Ya ce na yi masa ƙafafun jimina, ya rantse sai ya jefa ta a juji."

"Ai da gaskiyarsa," wata ta ce daga baya. "Ƙafafun nasa ma haka suke."

Aka yi dariya. Gwen ba ta yi ba.

"Lokacin tsohuwar nan ku da kanku kuka zo da ganye kuka share, ban ce uffan ba, don haka muka yi alkawari. Amma wannan sata ce. Waɗanda suka ba da kuɗin aikin sai sun ji suna."

Saja ya ja Doreen gefe, ya rage murya.

"Kin san hukuncin da kotu ta rataya masa tun faɗan nan na bara. Laifi ɗaya ya rage, sai gidan yari a Alice Springs. Ranar Jumma'a zan aika da suna. In kin kawo mini wani, to. In ba haka ba nasa zan aika."

"Ƙanena ba ɓarawo ba ne. Baki ne da shi kawai."

"Ni ma haka nake fata, Anti."

"Ba fata na ce maka ba."

*

A ƙofar shingen arewa akwai sawun taya sabo, ta baya ta hagu da faci. Ba ta buƙaci bin sa ba, amma ta bi, har gidan Col Harrigan. Ta same shi kwance a gindin famfon ruwa mai aiki da iska, yana zagin wani ƙarfe da ya ƙi juyawa.

"Nakamarra! Kama ni kika zo yi ko shan shayi?"

"Ya danganta da shayin."

"To ki kama ni, ya fi sauƙi."

"Motarka ta je bakin tafki."

"Ta je mana. Baƙinku masu gajeren wando sun bar mini ƙofa a buɗe, saniya ta shiga ta kafe a laka. Rabin yini na yi ina janta." Ya fito yana goge hannu a wando. "In da zan saci ɗaya daga cikin mutanen nan naku na ƙarfe, kawunki Ambrose zan ɗauka in kafa a lambu. Wannan fuskar ko aku ba zai sauka ba."

"Zan gaya masa ka gaishe shi."

Ta leƙa bayan motar. Igiya ce da busasshiyar baƙar laka, sai gashin saniya a jikin ƙugiya. Ƙurar da ke kwance a wurin ta daɗe, babu inda faranti ya goge ta, babu ɓurɓushin tsatsa. Ta riga ta ga inda aka ja saniyar a gaɓa. So take ta tabbatar kawai.

Tana shiga motarta ya dafa ƙofar.

"Wai wa ya ɗauki Clancy aikin shinge? Na san duk masu shinge daga nan zuwa iyaka. Babu mahaukacin da zai kafa turke kafin zafin nan ya karye."

"Ƙila ya samu sabon mahaukaci."

Ta tayar da mota. Clancy ya sha cewa ya tafi aiki a same shi yana kamun kifi a wani gari. Ta ajiye maganar a gefe, amma ba ta yar da ita ba.

*

Bessie, matar Clancy, tana tone gurasa daga cikin toka. Ta kakkaɓe ta da ƙarfin da ya fi wanda gurasa ke buƙata.

"Ko waya bai yi ba, Yaya. Wata ya samu a garin Kununurra, ni na sani. In ma shi ya dawo ya saci kansa, ya ci a ce ya biyo ya ɗauki wankinsa."

"Da ya shigo gari da na ga sawunsa."

"Ai shi ya sa ya share."

A ƙarƙashin bishiya wan Bessie ne, Rufus Japaljarri, yana kankare filogin mota. A tsarin dangi shi da Doreen abokan wasa ne. Tun suna yara yake kiranta matarsa, tana kiransa asararta. Shi ne ya fita da Clancy daga gari a motarsa.

"Mijin wahala, ina ka ajiye mini ƙanena?"

"Na gaya muku, a mararrabar babban titi. Wata babbar mota ta ɗauke shi."

"Wace iri?"

"Mai taya."

Bessie ta tuntsire da dariya. Doreen ta jira sauran. Rufus ba ya tsayawa a ɗaya. Yakan bi da furfurarta, ko shayinta da yake cewa da shi ake wanke injin. Yau ya koma kan filoginsa.

"Kana ganin Clancy zai yi wannan aikin?"

"Mutumin nan? Wa ya san masa. Surukina ba ya shawara da kowa."

"Gonar wa ya ce zai je?"

"Bai faɗa ba. Ni direba ne, ba alƙali ba."

Ta zagaya motar tasa, ta sa kai ta taga. Warin hayaƙin ɗanyen ganye ya kama kujeru, har rufin ya yi duhu.

"Gasa nama kake yi a ciki?"

"Wutsiyar kangaru ce na manta da ita ta ruɓe. Na yi mata hayaƙi."

"Ƙazami. Shi ya sa na ƙi tarewa. Ka kuma dawo mana da jak ɗin ɗaga mota na ofis da ka ara, ba gadonka ba ne."

"Nawa ne ya ɓata."

"Mota ba ta ɓata ba sai jak?"

Ya ɗaga kafaɗa. Bessie ta miƙo mata gutsuren gurasa da zuma, ta karɓa ta ci a tsaye.

*

Laraba ta tafi a banza. Ta tone jujin gari, ta leƙa tsohuwar rijiya, ta bi duk hanyar da mota za ta iya bi daga tafkin. Iska ta riga ta cinye sawun da ke kan yashi. Ta buga waya gonaki uku a arewa, babu wanda ya ga Clancy. Wannan bai wanke shi ba. Mutumin da ba a san inda yake ba ana iya ajiye shi ko'ina, har bakin turke da sifana a hannu.

Ranar Alhamis ta koma tafkin da sassafe, lokacin da rana take kwance, ƙaramin rami ma yake da inuwa. Ta sake bin sharar daga gaɓa zuwa turke, ta dawo. Ganyen da ya zuba na bishiyar da ke ko'ina ne. Babu sabon abu.

Bayanta ya fara ciwo. Ta bi igiyar baƙi zuwa yamma, inda tata inuwar take tsaye ita kaɗai, nesa da sauran. Rabonta da wurin tun ranar kafawa. Ba ta ga amfanin zuwa kallon kanta ba.

A ranar ma bayan nan ne ya hana ta ɗaukar ƙarfen. Clancy ya kafa tasa, ya dawo gaɓa ya saɓa tata a baya, yana tafe yana mita. "Yaya, ke ko inuwarki nauyi gare ta. Kuma duk faɗin tafkin nan sai ƙarshen duniya kika zaɓa?" Suka taka tare, ita a dama shi a hagu. Layi biyu suka bari.

Yanzu layi ɗaya ne.

Ta durƙusa. Nata sawun yana nan ɗaya bayan ɗaya, har ɗan jan da ƙafarta ta hagu take yi. Na Clancy kuwa an bi shi an goge, kowanne daban. Inda ƙafarsa ta shiga gefen tata, mai sharar ya ajiye reshe ya yi da hannu, ya zagaye dugaduganta bai taɓa ba. Haka har gindin turke.

Ɓarawo ba shi da abin yi a nan. Babu abin da aka ɗauka, babu sawunsa da zai ɓoye. Wanda ya zo nan ba nasa sawun ya zo sharewa ba.

Ta san wannan sharar. Da hannunta ta yi wa tsohuwar nan irinta da sanyi, ita da sauran mata, suka bi duk inda ta taɓa takawa a kan gishirin. Suka kuma yi wa gidanta hayaƙin ɗanyen ganye, da motar da ta kai ta asibiti.

Doreen ta zauna a kan gishirin, ta jingina da ƙafar inuwarta. Ƙarfen ya fara ɗaukar zafi. Ba ta yi kuka ba. Kuka yana da lokacinsa, kuma ba a fara shi da zato.

Da ta tashi ta wuce ofishin Saja, ta ce ya tara mata mutane.

*

Da la'asar aka haɗu a rumfar ganye da ke gaban kanti. Gwen ta zauna a kan akwatin lemo. Harrigan ya jingina da motarsa. Kawu Ambrose, wan mahaifiyar su Doreen, yana kan kujerarsa ta roba da sandarsa a cinya. Bessie tana ƙasa cikin mata, Rufus yana tsaye daga baya. Sauran gari suka zagaye, har karnuka.

Doreen ta san abin da za ta sa su yi ba mai kyau ba ne. Za ta nemi gafararsu daga baya.

"Tambaya ɗaya ce, kowa zai amsa. Col, inuwar wa aka ɗauke?"

"Don wannan kika raba ni da famfona? Ta Clancy, mai ƙafafun jimina."

"Gwen?"

"Ta Clancy."

"Bessie?"

"Ta wannan ɗan banzan, Clancy. In yana jina ma ya ji."

"Kawu?"

Tsohon ya harare ta. "Makaranta muka dawo? Clancy mana, ɗan ƙanwata."

"Rufus?"

"Ta surukina."

"Sunansa."

"Haba matata, kowa ya san sunansa."

"Ni na manta. Tuna mini."

Wasu suka fara dariya, suna jiran abin da zai rama da shi. Rufus ya buɗe baki. Ya dubi Bessie, ya dubi ƙasa. Sunan bai fito ba.

Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya. Kawu Ambrose ne ya fara ganewa. Ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa.

"Tun Talata nake tambayarka, ba ka kira shi ko sau ɗaya ba," in ji Doreen. "Ka yi wa motarka hayaƙi. Ka sauke inuwarsa ka jera notocin kamar mai tsoron Allah. Na ɗauka sawunka ka share, ashe nasa ne, har wanda ya bari a gefen nawa can yamma. Ka iya yi mana ƙarya, Japaljarri. Dokar kakanni ce ba ka iya yi wa ba."

Rufus ya zame ya zauna a ƙasa.

"Tsohuwar hanyar rijiya muka bi," ya ce, muryarsa can ciki. "Ba mu kai titi ba. Wani abu ya kama ƙara a ƙarƙashin mota, ya shiga dubawa. Ya ce in sa dutse, jak ɗin nan naka ba shi da amana. Na ce yi sauri kawai. Ban sa ba."

Ya ci gaba.

"Motar ta faɗo masa, na ɗaga ta. Wallahi na ɗaga ta. Ya riga ya tafi. Na rufe shi da duwatsu a gindin tudu. Na ce in na dawo zan faɗa, da na hango gari sai na tuna mashin hukunci da ake soka wa mutum a cinya. Ni nake tare da shi, ni za a tambaya. Na ce gobe. Kullum gobe." Ya share fuska da hula. "Amma kullum in na wuce sai in gan shi tsaye a kan tafkin, baƙi suna ɗaukar hotonsa, sawunsa a fili rana tana dukansa. Ba a yi wa mutum haka. Ko kare ne ba a barinsa haka."

"Ina ƙarfen?" in ji Saja a hankali.

"Yana wurinsa. Na kwantar da shi a kansa."

Bessie ba ta yi ihu nan take ba. Ta dubi wanta kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ta dubi hannuwanta. Sannan kukan ya fito, doguwar murya guda, matan da ke gefenta suka karɓa. Gwen ta rufe baki da hannu. Harrigan ya cire hula.

Kawu Ambrose ya miƙe ba tare da sandar ba.

"Da ka zo ranar ka faɗa, cinya ɗaya ce, a wuce wurin. Ka bar ɗan ƙanwata a jeji, ka bar matarsa tana zaginsa, ka sa ni na kira sunansa yau da bakina." Ya juya ga samarin da ke bayansa. "Ku ɗauko."

Saja ya yi taku ɗaya gaba. Doreen ta riga shi, ta tsaya tsakanin tsohon da Rufus.

"Kawu, mashi ba ya ruɓa. Zai jira. Wanda ke jeji ya gaji da jira."

Tsohon ya dube ta. Sannan ya koma ya zauna.

Saja ya matso kusa da ita, yana juya biro a hannu. "Anti, ki yi haƙuri. Dole in aika da rahoto. Sai na sa sunan..."

"Sa Kumanjayi."

"To."

"Ka kuma sa cewa bai saci komai ba. Da manyan haruffa, yadda masu kuɗin aikin za su gani."

Ta zaro makullin motar gadi daga aljihu. Tun Talata abin da take nema ke nan, a wanke ƙanenta, ga shi an wanke shi tas. Da za a ba ta zaɓi yanzu da ta karɓi ɓarawon, ta riƙa kai masa taba Alice Springs tana zaginsa. Ba a ba ta ba.

Ta sa aka ɗora jarkokin ruwa da bargo sabo daga kanti. Kawu Ambrose ya shiga baya, Saja ya ce zai biyo su a tasa. Rufus yana nan zaune inda yake.

"Tashi. Shiga gaba."

Ya miƙe da ƙyar. "Zan nuna miki hanyar."

"Ba na buƙata, zan bi tayarka." Ta buɗe masa ƙofa. "Duwatsun ne kai za ka ɗaga."